Abin da muka tsinta a fada kan cajin salula da kallon bidiyo

Daren Asabar a fadarmu ta Tahoua, kuran ya ɗauke, hira ta koma kan salular da ke shanye caji in ana kallon bidiyo. Wani mai gyaran waya da ke cikinmu ya fi kowa bayani.

Ya ce ƙwaƙwalwar waya tana da wani ɓangare na musamman da ke warware bidiyo irin H.264 (wani tsarin matse bidiyo ne da aka daɗe ana amfani da shi) da wuta kaɗan. In bidiyon AV1 ne (sabon tsarin matse bidiyo) kuma wayar tsohuwa ce da ba ta da ɓangaren warware shi, sai babban injin ya ɗauki aikin da kansa, bayan waya ya yi zafi kamar kaskon shayi. Mai sayen sabuwa ya duba: ƙwaƙwalwar nanomita 6 (lambar da ke nuna ƙanƙantar ƙirar cikinta) ta fi ta 12 tsimin wuta.

Hasken allo kuwa, kowa ya yarda shi ne babban ɓarawo. A rage shi. A sauke bidiyo tukuna inda rezo ke da ƙarfi, don rezo mai rauni yana sa waya ta yi ta wahala. 480p, wato matsakaicin kyan hoton bidiyo, ya wadatar a ƙaramin allo, ni dai ban ga bambanci ba.

A watan Afirilu, da zafi ya haura digiri 40, kar a yi kallo waya na kan caji, a cire mata riga.