Django ko Rails, wanne zan kama in yi wa kawu manhajar lissafin bashi?

Sani_Garwa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri rubutun zai ɗan ja. Kawuna yana da shagon sari a babbar kasuwar Garwa, shinkafa, suga, man girki, sabulu, makaroni, kuma wajen rabin cinikinsa bashi ne, masu ƙananan butik daga Pitowa da Gider har Lagdo su ɗauki kaya sai sun sayar su kawo kuɗi. Duk lissafin nan a kaye yake, wato littafin rubutu, kaye huɗu yanzu, ɗaya ma ruwa ya jiƙa shi da daminar bara aka yi ta ja-in-ja da wani mutum kan sefa dubu 85, har yau ba sa gaisawa sosai. Shine na buɗe baki na ce zan yi masa manhaja a intanet, yaran shago su dinga shigar da komai ta waya, shi kuma ya duba daga gida. Ni fa da wasa na faɗa, yanzu kullum muka haɗu sai ya ce ina aka kwana.

Abin da na iya HTML ne da CSS, sai Python kaɗan da muka taɓa a makaranta. Wani abokina ya dage wai Ruby on Rails zan koya ba Django ba (dukansu kayan gina manhajar intanet ne, Django da yaren Python, Rails da yaren Ruby), ya nuna min tsohon bidiyon nan da mai Rails ɗin ya haɗa bulog cikin minti 15. Kwamfutata tsohuwa ce, RAM giga 4, Windows a kai, kuran kuwa, wato wutar lantarki, kun san halinsa in zafi ya shigo. To wanne zan kama?

Injiniya_Bappa (Marwa) ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ƙanena ai ka riga ka amsa wa kanka, tunda kana da ɗan Python a hannu ka kama Django kawai, kar ka haɗa wa kanka koyon sabon yare da sabon firemwok (shiryayyen tsarin da ake gina manhaja a kansa) lokaci guda ga kawu yana jira.

Kuma aikinka ya yi kama da abin da aka ƙirƙiri Django dominsa. A gidan wata jarida aka haife shi, Lawrence Journal-World ta jihar Kansas a Amurka, Adrian Holovaty da Simon Willison suka faro shi a 2003, aka sake shi ga duniya a 2005. Matsalarsu ita ce 'yan jarida da ba su san kod ba suna buƙatar wurin shigar da labarai cikin sauri, shi ya sa Django ke zuwa da shafin admin a shirye. Kai dai ka rubuta model uku (tsarin bayanan da za ka ajiye) a fayil ɗin models.py, mai saye, kayan da ya ɗauka, kuɗin da ya biya, ka buga makemigrations sannan migrate, ka yi musu rajista a admin.py, shikenan ga wurin shiga da suna da kalmar sirri, ga fom, ga bincike in ka saita search_fields. Wallahi a yini ɗaya zaka iya nuna wa kawu wani abu yana motsi, ko ba komai ya sassauta maka.

Maganar kwamfuta kar ta dame ka, giga 4 ya isa. SQLite, ƙaramin databes wato ma'ajiyar bayanai, yana zuwa tare da Python, fayil ɗaya ne kawai, ba sai ka saka wani babban databes ba tukuna. Ka ɗauki Django 5.2, ita ce LTS (sigar da ake daɗewa ana kula da ita) da ta fito a Afrilun 2025, irin waɗannan shekara 3 ake yi ana gyara musu matsalolin tsaro. Sannan ran da ka samu rezo (netwok) mai kyau ka sauke littafin bayanin Django gaba ɗaya ka ajiye, akwai shi da Faransanci ma, in data ta ƙare ba zaka zauna kana kallon bango ba.

Mahamat_Injamena ya rubuta:

Injiniya da girmanka amma bari in ɗan kare gidanmu. Ni da Rails nake cin abinci shekara biyar kenan. Ruby ɗin Yukihiro Matsumoto na Japan ne ya fitar da shi a 1995, shi kuma David Heinemeier Hansson ɗan Denmak ya ciro Rails daga cikin manhajar Basecamp a 2004, GitHub da Shopify duk a kansa aka gina su, to ba abin wasan yara bane. Abin da nake so da shi ba ya barin ka kana ta zaɓe zaɓe, ka sa wa model suna Customer shi ya san teburin customers ne, ka buga rails generate scaffold ya zubo maka model da controller da shafuka gaba ɗaya.

Amma gaskiya ɗaya ce, a Windows Rails yana da wahalar sha'ani. Wasu gem ɗin (ƙarin kayan kod na Ruby) sai an haɗa su da C a kan injinka, ni na taɓa kwana biyu a kan kuskure ɗaya kafin na haƙura na koma Ubuntu. Ana iya bi ta WSL, mai tafiyar da Linux irin su Ubuntu a cikin Windows, amma da giga 4 injin zai dinga nishi. Don haka Malam Sani ka bi maganar Injiniya a wannan karon, in Allah ya hore maka wata kwamfutar ka leƙo wajenmu. Tsarin kusan ɗaya ne dama, abin da mu muke kira controller su 'yan Django view suke ce masa.

Rukayya_Dang (Gaundare) ta rubuta:

Ku maza kun tsaya gasar wa ya fi wa, ba wanda ya gaya wa yaron nan inda ƙafarsa zata zame. Sani, kuɗin mutane zaka riƙe fa, kuma Python da Ruby duk yaruka ne da ba sa tambayarka wannan lamba ce ko rubutu ne sai lokacin da kod ɗin ke gudu. Duk abin da ya zo daga fom rubutu ne. In ka ɗauko shi kai tsaye daga request.POST, inda Django ke zuba abin da aka cike a fom, ka haɗa "5000" da "2000", Python ba zai yi ko tari ba, zai baka "50002000". Ni ya faru da ni a wata 'yar manhajar adashe da na yi wa matan unguwarmu, wata baiwar Allah ta buɗe ta ga ana binta miliyan hamsin, kafin in iso gida har ta kira mijinta. Tun ranar ban sake taɓa request.POST da hannu ba, ModelForm na Django nake bi, shi zai tace ya mayar da lamba lamba, in yaro ya rubuta "dubu biyar" da harafi ya ƙi karɓa.

Kuɗin kuma kar ka kuskura ka sa shi a FloatField, gurbin lamba mai ɗigo. Buɗe Python ka buga 0.1 + 0.2 ka ga abin da zai fito, 0.30000000000000004. Mu da muke sefa ba ruwanmu da santim a kasuwa, gurbin cikakkiyar lamba, PositiveIntegerField ko BigIntegerField, ya wadatar. Kuma kar ka yi wani gurbi wai "ragowar bashi" da za'a dinga gogewa ana sake rubutawa, a'a, kowane ɗaukar kaya layinsa, kowane biya layinsa da rana da sunan yaron da ya shigar, ragowar kuma Sum ya lissafo ta. Ka ga in rigima irin ta dubu 85 ta sake tashi sai a bi layi layi kamar yadda ake bin kaye, sai dai wannan ruwa baya jiƙa shi.

Sai abin da babu bidiyon Turawa da zai gaya maka. slugify na Django, wanda ke juya suna ya zama slug wato guntun adireshin shafi, yana mayar da é ta koma e lafiya lau, amma ƙ da ɗ da ɓ jefar dasu yake yi gaba ɗaya, Ɗanladi ya koma anladi, ƙasa ta koma asa. Mu nan da sunayen Hausa da na Fulatanci suke cakuɗe, ga ŋ ga ƴ, abin ba daɗi. Ko ka sa allow_unicode=True ko kuma ka bar slug ɗin ma kwata kwata ka yi amfani da lambar id. Bincike ma haka, yaron shago zai buga Danladi ba lanƙwasa don madannin wayarsa babu ɗ, manhaja ta ce babu wannan mutumin. Ni ɓoyayyen gurbi nake ƙarawa in ajiye sunan da aka cire wa lanƙwasa, a nan ake binciken.

TIME_ZONE ka sa Africa/Douala, in ba haka ba zaka ga lokacin shigar da kaya bai yi daidai da agogon shago ba.

Abba_Kuseri ya rubuta:

Anti Rukayya ta gama magana. Ƙari ɗaya, in rezo ya yi nauyi yaro zai danna "ajiye" sau uku don ya ga shafi bai motsa ba, bashi ya shiga sau uku. Ka kashe maɓallin da zarar an danna, ka sa wa kowane fom lamba ta musamman mai unique=True, na biyun databes da kansa zai ƙi shi. Maganar haɗa Orange Money ko MTN MoMo kuma ka barta tukuna, a rubuta lambar tiransakshon da hannu ya isa. Ni Laravel, firemwok na yaren PHP, nake yi don hostin na PHP ya fi araha da sauƙin samu, amma ba zan ja ka ba.

Sani_Garwa ya rubuta:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara ilimi. Na saka Django daren jiya da kuran ya dawo wajen ƙarfe ɗaya, admin ya tashi, na shigar da mutum shida daga kaye na farko. Anti na gwada abin slugify ɗin, Ɓaleri ya koma aleri, na yi ta dariya ni kaɗai. Na kai wa kawu da safe ya gani, ya jujjuya kwamfutar ya ce to in an ɗauke wuta ko an sace wannan abin ina bashina yake, ni kuma na yi shiru don db.sqlite3 ɗin nan, fayil ɗin da duk bayanan ke ciki, kwafi ɗaya ne tak a duniya. Ya ce shi dai ba zai yar da kayensa ba sai an yi wata uku lissafin biyu yana zuwa daidai. Injiniya yanzu ya ake yi fayil ɗin ya dinga kwafar kansa zuwa wani wuri kullum da daddare, kuma in ana cikin rubutu a cikinsa aka kwafa baya lalacewa?