Ke kika yi noman, amma sunan wa aka rubuta a fom?

Manomiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Abu ɗaya nake so mu tattauna, kuma don Allah waɗanda suka gani da idonsu su yi magana. Shekarata 11 ina noma fili ɗaya. Ni ke shuka, ni ke cire ciyawa, ni na san kusurwar da ruwa ke kwanciya. Bara aka zo rajistar manoma don rabon iri da taki. Na bi layi tun da safe, sai da rana ta take kafin a zo kaina. Yaron da ke riƙe da fom bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Mama, sunan maigida?" Na ce ni ce mai gonar. Ya ce gurbin da ke takardar na maigida ne, ba shi da inda zai sa ni. Maigidan nawa kuwa watansa 7 yana can wajen neman kuɗi. Aka rubuta sunansa da lambarsa. Ranar rabo saƙo ya shiga wayarsa, bai gani ba sai bayan kwana 4, an riga an rufe. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba wanda zan kama in ce shi ya cuce ni. Akwai wadda irin wannan ta taɓa samu?

Malamin Gona:
Hajiya, ki yafe mana, ni ma na taɓa zama yaron nan. Na cika irin wannan fom ya fi a ƙirga, ban taɓa tsayawa na tambayi wa ke riƙe da fartanya ba. Ranar da idona ya buɗe, mun yi bita ne kan yadda ake busar da hatsi a adana shi kada ƙwari su cinye. Ɗaki cike da maza, an tafa, an ɗauki hoto. Bayan wata 2 na shiga gidan ɗaya daga cikinsu in duba, ya buɗe buhu, gari kawai ke zuba ta ƙasa. Na ce me ya faru da abin da muka koya? Ya yi dariya ya ce ai ba shi ke ajiya ba, uwargida ce. Ita kuwa ba ta ma san an yi bita ba, don mun sa ta da hantsi, lokacin da ba macen da ke da sararin zama.

Daga baya na ga ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta faɗa tun 2011 cewa mata ne kashi 43 cikin 100 na masu aikin gona a ƙasashe masu tasowa, kuma da za su samu iri da taki da rance kamar maza, da amfanin gonakinsu ya ƙaru da kashi 20 zuwa 30. Rahotonta na 2023 ya ce gonar mace tana bayar da ƙasa da ta namiji mai girma ɗaya da kashi 24. Ba ƙarfin hannu ne ya gaza ba, ni shaida ne.

Ungozoma:
Mu ma a ɗakin awo haka take. Katin mace ne, cikin nata ne, lambar waya ta miji ce. In mun tura saƙon ranar dawowa, sai dai a yi sa'a. Wata na ja fatar idonta ƙasa na ga fari fat kamar takarda, ciki wata 7. Na ce 'yar'uwa, me kike ci? Ta ce abin da ya rage. Ita ta noma, ita ta dafa, ita ce ta ƙarshe a kwano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 30 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, a masu ciki kuwa kashi 37. Mace mai irin wannan jinin, zubar da wata za ta jure wajen haihuwa ita sai ta tafi da ita. A 2023 kimanin mata 260,000 ne suka rasu a duniya a dalilin ciki da haihuwa.

Kuma kada ku ɗauka mu ma'aikata mun tsira. Kusan kashi 70 na ma'aikatan lafiya a duniya mata ne, amma a manyan kujeru kashi 25 kawai. Matan da ke bin gida-gida suna nemo mana masu ciki, sunansu "masu aikin sa-kai". Wato dai babu albashi, an yi wa abin ado ne.

Dattijo:
'Ya'yana, ni dai ban ga abin tada jijiyar wuya ba. Gida ɗaya, tukunya ɗaya. Shekara 30 sunana ake rubutawa, kuma duk abin da na karɓo a gaban iyalina nake direwa. Kada takarda ta raba abin da Allah ya haɗa.

Uwar Marayu:
Baba, Allah ya saka da alheri, maigidana ma haka yake, bai taɓa ɓoye mini ko ƙwaya ba. Amma takarda ba ta san halin kirki ba. Bayan rasuwarsa na je neman rancen noma, aka ce in kawo takardar fili a matsayin jingina. Na kawo. Ma'aikacin ya karanta sunan, ya dube ni, ya ce, "Shi mai sunan fa?" Na ce ya riga mu gidan gaskiya. Ya tura mini takardar da ɗan yatsa ɗaya. Damina 2 na yi ina yawo tsakanin ofisoshi da 'yan'uwansa kafin a gyara, rabin filin ya zama saura. Yara 5 ne ke ci daga filin nan, Baba.

Dattijo:
Allah ya jiƙansa. Wannan kam ban hango shi ba.

Mai Tattara Bayanai:
Ni aikina kenan, tsara waɗannan fom ɗin, kuma gyaran ba wani tashin hankali ba ne. A Habasha da Ruwanda, da aka zo rajistar filaye, an riƙa sa sunan miji da na mata a takarda ɗaya. Meziko ta fara shirin Progresa a 1997 tana biyan tallafi a hannun uwa, Barazil ta bi da Bolsa Família a 2003, inda mafi yawan masu riƙe da katin mata ne. Mu ma a wani aiki da na yi mun ƙara gurbi na biyu: "Wa ke noma filin?" Na yi ta murna. Ranar rajista sai ga mata da yawa ba katin shaida, ba layin waya da sunansu, na'ura kuma ba ta karɓar mutum sai da su. Muka koma gidan jiya.

Sai wani abin da ba a so a faɗa a taro. Idan aka sa sunan mace, sau da yawa aiki ne ake ƙara mata: ita ce zuwa taro, ita ce layin asibiti, ita ce sa hannu a rance. Na ga wadda ta karɓi rance da sunanta, wani a gidan ya kashe, ranar biya ita aka zo nema. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa mata ke yin kashi 76 na aikin kula da gida da ba a biya. A kan wannan kayan muke ɗora namu, mu ce mun ƙarfafa ta.

Manomiya:
Anti, ni dai a ɗora mini, in dai saƙon zai shigo wayata. Katin shaida na yi, layi ma na yanka da sunana, na rubuta lambar a bangon ɗaki don ban haddace ta ba tukuna. An ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2026 ta zama shekarar mata manoma, to mu gani ko labarin ya kai ga yaron mai fom. Malam, in na je na tarar gurbin maigida ne kaɗai, me zan ce?

Malamin Gona:
Kada ki yi gardama da mai rubutu, Hajiya, ba shi ya tsara ba. Ki nemi shugaban tawagar, ki ce ke ce ke noma filin, ko da za a bar sunan maigida a sa lambarki. Kuma ki je da sauran matan da ke noma da kansu. Mace ɗaya ana ce mata ta dawo gobe, mata 20 sai an ɗaga waya an tambayi ofis.

Manomiya:
Mu 9 ne zuwa yanzu. Bari in leƙa maƙwabta bayan la'asar.