Mai yin haƙoran roba: da wane suna za mu kira shi?

Jama'ar Agege da Idi-Araba, ku taya ni neman kalma. Ranar Asabar na raka Baffana asibiti. Turamensa huɗu sun zube, shekara biyu ke nan sai ya jiƙa burodi a shayi, goro kuwa sai an daka masa. Da na zo fassara masa takardar inshora na cije a kan denture da wanda ke yin ta.

Ta farko ba ta ba ni wahala ba. Haƙoran roba muke cewa, kowa ya sani. Wani a nan ya ba da shawarar a ce haƙoran aro, amma aro ana mayarwa, wannan kuwa da kuɗinka ka saya. Haƙorin Makka daban ne, ado ne na alhazai.

Mutumin ne matsalar. Baffa cewa ya yi, "Ai likitan haƙori ne, ɗana." Na ce a'a Baffa, mutum biyu ne. Likita ne ya duba dasashinka, ya cusa maka wannan abu mai kama da ƙullu ya ɗauki siffar bakinka. Wani ne can a ɗakin baya ya zuba siffar, ya jera haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ya goge. Na leƙa na gan shi, farin gari har gwiwar hannu. Turawa na ce masa dental technologist, yana da hukumar rajistarsa daban, akwai ma makarantar tarayya a Enugu da ke horar da irinsu. A Kanada kuma akwai denturist, wanda doka ta ba damar karɓar majinyaci kai tsaye ba sai ta hannun likita ba.

Ba son gardama ya sa na nace ba, maganar kuɗi ce. Dokar NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022 ta wajabta inshorar lafiya, a nan Legas kuma ga tsarin inshorar jiha, Ilera Eko, a hannun hukumar LASHMA. A tsarin tarayya, ƙaramin asibiti ana biyansa ne bisa yawan mutanen da suka yi rajista da shi, aikin ƙwararru kuwa sai kamfanin inshora ya ba da lambar izini, a yi, sannan a biya asibitin. Wanda ya yi haƙoran yana jiran rabonsa daga hannun wani. In a Hausa duk likita ne, ta yaya dattijo zai tambaya nawa ne na dubawa, nawa ne na haƙoran, wanne inshora ta ɗauka?

An ba da shawarar a ce mai dashen haƙori. Ban yarda ba. Dashe a bar wa wanda ake kafawa cikin ƙashin muƙamuƙi, ba ya fita. Na Baffa da dare zai cire ya sa a kofin ruwa.

Wata Hajiya daga Obalende ta rubuto maƙerin haƙori, kuma nan zuciyata ta kwanta. Wasu sun ce ƙira ta ƙarfe da wuta ce. To, ba mukan ce an ƙera mota, an ƙera jirgi ba? Jam'insa ma ba ya sarƙe harshe: maƙeran haƙori.

Jiya na gwada ta a kan Baffa ba tare da wani bayani ba. Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "To maƙerin nawa zai karɓa, likitan nawa?" Da ita zan rubuta wa kamfanin wasiƙa ranar Litinin.