Wanda ya iya wankan gawa ya iya sana'ar jana'iza a Ingila?

Baban Khalifa: Jama'a, ga magana a faifai. Ana cewa wanda ya kai shekara 45 ya makara da sauya sana'a. Ni na ce a Ingila duk wanda ya iya wanka da likkafani zai iya ajiye tuƙin tasi ya buɗe gidan shirya jana'iza. A Ingila da Wales doka ba ta neman lasisi, kuma kowane Musulmi so yake a binne nasa da wuri.

Maman Ummi: Batun lasisi haka ne, Alhaji, amma wanka shi ne mafi ƙanƙanta a aikin. Wanka uku ko biyar, da magarya, na ƙarshe da kafur, ƙyalle biyar ga namiji, bakwai ga mace a Malikiyya. Wannan 'yan sa-kai na masallaci ma suna yi. Abin da iyalan mamaci ke biya dominsa takardu ne. Tun 9 ga Satumba 2024, mutuwar da ba ta je gaban jami'in binciken mutuwa ba sai wani likita na daban ya duba musabbabinta kafin takardar shaida ta isa ofishin rajista. Daga nan ake ba da koriyar takarda ta izinin binnewa, kuma babu ita babu kabari. Mutum ya rasu daren Juma'a, in ba ka san ko ƙaramar hukumar tana da jami'in rajista na ƙarshen mako ba, gawa ta kwana uku a hannunka.

Malam na Hull: Kwana ukun nan su ne tashin hankalin. Dole a samu ɗakin sanyi, wajen digiri 4, da ma'aunin da ake dubawa a rubuta kullum, da inda za a kai gawa in injin ya tsaya. Kowace gawa da alamar suna a hannu tun daga inda aka ɗauko ta, a rubuta shigarta da fitarta. Musanya gawa daga nan take farawa: mamata biyu masu suna iri ɗaya, an cire alama lokacin wanka, an naɗe likkafani. A Maris 2024 'yan sanda sun kwashe gawa 35 daga wani gidan jana'iza a Hull, shi ya sa ake ta kiran a kafa dokar sa ido. Scotland ta riga ta fitar da ƙa'idojin aiki.

Baban Khalifa: Na ji, Malam. Amma duk wannan koyo ne, ba karatun shekaru ba. Maganata tana nan.

Yaya Sa'a: A Ingila ke nan, ranka ya daɗe. Kada mai zama a Amurka ya ɗauka haka take a can. Kowace jiha da lasisinta. Galibi sai an yi karatu na kimanin shekara 2 a makarantar da hukumar ABFSE mai tantance karatun sana'ar jana'iza ta amince da ita, a ci jarabawar ƙasa mai kashi biyu, sannan a zauna ƙarƙashin mai lasisi shekara 1 zuwa 3. Colorado ce ta daɗe babu wannan sharaɗi, sai da aka gano gawa kusan 190 a wani gidan jana'iza a garin Penrose a 2023, ta yi doka a 2024. Wasu jihohin kuma lasisin haɗe yake da koyon zuba wa gawa sinadarin hana ruɓewa, ko da Musulmi kaɗai za ka yi wa aiki. Magidanci mai biyan haya ya lissafa shekarun nan na ƙaramin albashi kafin ya ajiye aikinsa.

Maman Ummi: Sinadarin ma ba ka tsira daga shi gaba ɗaya a Ingila ba. Iyali su ce Kano za a kai mamaci: sai an sanar da jami'in binciken mutuwa an samu izinin fitar da gawa, kamfanonin jirgi kuma galibi suna neman a zuba sinadarin a rufe ta cikin akwati mai rufin tutiya. In ba ka yi, sai ka ɗauko mai yi, ka kuma gaya wa iyali gaskiyar abin da za a yi wa jikin kafin su sa hannu.

Malam na Hull: Akwai kuma jiki. Waya ƙarfe 3 na dare, bene hawa uku, matattakala mai kwana. Mutum biyu ne mafi ƙaranci, da shimfiɗar zamewa da gadon ɗauka mai madauri. Ɗan shekara 45 da ya ce zai yi shi kaɗai don rage kuɗin ma'aikaci, bayansa ne zai biya. Amma shekaru suna da ranarsu, Alhaji: uwar da ta rasa ɗa ta fi sakin jiki da mai furfura.

Baban Khalifa: To na rage buri. Kada ya ajiye tasin tukuna. Ya nemi aikin ɗaukar gawa na wucin gadi a gidan da ke cikin ƙungiyar masu gidajen jana'iza ta NAFD ko SAIF, ya koyi takardu a can. Amma ku faɗa mini, farashi fa? Mutanenmu suna jin nauyin a yi ciniki a kan gawa.

Yaya Sa'a: Ba ciniki ake yi ba. Tun 2021 wajibi ne gidan jana'iza a Birtaniya ya liƙa jerin farashinsa a taga da intanet. A raba kuɗin gida, wato mota da sanyi da ma'aikata, daga kuɗin makabarta, domin wasu ƙananan hukumomi suna ninka kuɗin kabari ga wanda ba mazauninsu ba ne. Tambayi adireshin mamaci kafin ka furta ko fam ɗaya.