Kifin Yawuri da ciwon sugan Inna

Baban Walida: Salam 'yan uwa. Yau raina a ɓace yake. An auna Innarmu a asibiti an ce ciwon suga ne. Matar da ba ta taɓa kai lemon kwalba bakinta ba, shayi ma sai an matsa mata. Furar gero, tuwon dawa, sai kifi, kullum kifi. Mu dai mun ga tana ta rama, ruwa ba ya kashe mata ƙishi, har ƙanwata ta lura kiyashi na taruwa inda ta yi fitsari. Ni na san mafarin abin: gamalin, maganin ƙwarin nan da ake zubawa a ruwa don kashe kifi. Shekara da shekaru muna cin kifin Yawuri, ashe guba muke tarawa a jiki. Allah ya isa. Wanda bai yarda ba ya fito mu yi.

Maman Ihsan: Subhanallahi. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne.

Jikan Sarkawa: Amin. Amma Yaya, janye Yawurin nan tukuna. Kifin da kas saya, an rubuta mai Yawuri ga wutsiya? Kasuwarmu kifi daga ko'ina yake shigowa, daga tafkin Kainji, daga ƙauyukan jihar Neja. Kowa ya ci ya ƙoshi sai ya ce na Yawuri ne, ran da ciki ya ɓaci ma Yawuri.

Baban Walida: Ƙanena, a Yelwa, cikin garin Yawuri, ake sayo mana shi. Yelwa ƙasar Sin take?

Jikan Sarkawa: Saye daban, kamu daban. Mu da taru da birgi da mamari munka gaji su. Mai zuba magani a ruwa ba masunci ba ne, ɓarawon ruwa ne, yawanci ma baƙi ne.

Na Argungu: To fa. Mu dai a kogin Matan Fada ba mai jefa ko homa sai ranar da aka ba da izini. Tun 1934 ake bikinmu na kamun kifi, a 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya. Kun taɓa jin an ce gamalin a can?

Jikan Sarkawa: Bikin da ya yi kusan shekara 10 a kwance sai 2020 aka farfaɗo da shi? Ruwan da ake shiga sau ɗaya a shekara don 'yan jarida su ɗauki hoto? Zo Rigata ka ga 'yan ruwa na gaskiya.

Na Argungu: Tseren kwale-kwale ai ba kamun kifi ba ne. Nuna mana giwan ruwa ɗaya da kuka taɓa ɗagawa gaban sarki.

Anti Nas: Ku yi haƙuri in sa baki, Yaya yana da ɗan kamshin gaskiya. Sinadarin da ke cikin gamalin sunansa lindane. Yana cikin gubobin da ba sa saurin lalacewa, irin su DDT da PCB na tsohon man taransifoma, da dayoksin mai fita idan aka ƙona leda da shara. Ba sa bin fitsari su fice, a kitse suke kwanciya. Ƙaramin kifi ya ci, babba ya cinye shi, mu mu cinye babban, har a nonon uwa ana samunsu. Saboda haka aka yi yarjejeniyar Stockholm ta taƙaita irin waɗannan gubobi a 2001, aka ƙara lindane a jerin a 2009. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2006 kan mutum sama da 2,000 ya gano waɗanda gubobin suka fi yawa a jininsu sun fi samun suga nesa ba kusa ba, kuma masu ƙibar da ba a ga gubar a jininsu ba sugan bai cika kama su ba. Gwamnatin Amurka ma tana biyan tsofaffin sojojinta na yaƙin Biyetnam masu suga, saboda dayoksin da ke cikin maganin da aka fesa wa dazuka. Amma alaƙa aka gani a taron jama'a. Shekaru, gado, rashin motsi, yawan farar shinkafa, duk suna da hannu. Yanzu dai Inna ta riƙe magani, a riƙa duba mata ƙafa.

Manomi Na Suru: Anti, da girmanki. Me shinkafa ta yi miki? Ana maganar kifi kin lallaɓo gonarmu. Wannan shinkafar ce ta sa a 2015 shugaban ƙasa da kansa ya zo Kabi ya ƙaddamar da bashin manoma.

Na Argungu: Bashin da har yau wasu ba su biya ba.

Manomi Na Suru: Kai ka ba ni? Ambaliya ta cinye gonar, kai kana ina?

Maman Ihsan: Ni dai kakata ta ce kifin gamalin ƙuda ba ya sauka a kansa, kuma kafin azahar cikinsa ya kumbura.

Jikan Sarkawa: Hajiya, zo Yelwa gobe ki ƙirga ƙudan da ke kan tarwaɗarmu, in kin gama sai ki ba da shaida.

Ɗan Anka: Ku kuna da lokacin gardama. Mu mun ga guba da idonmu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Anka da Bukkuyum, jihar Zamfara. Dutsen zinari mai ɗauke da dalma ake kawowa gida a niƙa a injin gero, mata na daka shi a turmi, yara na rarrafe cikin ƙurar. Ƙauyen Bagega sai a 2013 aka kwashe ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Dalma ba ta ruɓewa, ko shekara nawa ta yi.

Anti Nas: Gaskiya ne ɗan uwa, sai dai dalma ƙarfe ce, ta fi taɓa ƙwaƙwalwar yara da ƙoda da hawan jini.

Na Argungu: To wa ya ce ku kai dutse cikin gida?

Ɗan Anka: Talauci ya ce. Yara sun mutu kana izgili? Admin, ko ya goge ko in fita.

Na Argungu: Ban yi izgili ba, tambaya na yi. Na goge.

Baban Walida: Ikon Allah. Na zo da maganar uwata, an koma Rigata da bashi.

Admin: To jama'a, ya isa haka. Ga abin da muka tsayar. Babu wanda ya kawo hujjar cewa kifin Yawuri na da wani aibu, Anti Nas da kanta ta ce shinkafa da gado ne, binciken ma a Amurka aka yi, ba a Yelwa ba. Matsalar guba ta Zamfara ce, muna yi musu jaje. Mutanen Argungu su koyi magana. Baban Walida ya nemi afuwar masunta, Allah ya ba Inna lafiya.

Anti Nas: Ranka ya daɗe, ba haka na ce ba. Koma sama ka sake karantawa.

Manomi Na Suru: Admin, ba kai ke loda kwalayen banda zuwa kudu duk mako ba?

Admin: Wannan kasuwancina ne, ba ya cikin muhawara. Na rufe zaure sai bayan la'asar. Waɗanda ba su biya kuɗin wata ba su same ni ta gefe.