Wace Kalmar Hausa Ce Za Ta Maye Gurbin "Filashin"?

Ranar Juma'ar da ta gabata, a majalisarmu ta bayan La'asar a Gusau, wani abokinmu ya zo da tsohuwar Nokia 3310 da ya tsinta a ƙasan akwatinsa, sai hira ta koma kan zamanin da wayar salula ta fara shiga hannun jama'a. Ana cikin haka ne wani dattijo a cikinmu, tsohon malamin makaranta, ya yi tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami. Ya ce Bahaushe ya raɗa wa na'urar suna tafi-da-gidanka, ya kira ta kan tebur wayar girke, har ƙaramar nan mai tocila bai bar ta ba suna ba, amma ɗabi'ar da muka fi yi da waya a wancan lokaci har yau da bakin Turawa muke kiranta, wato filashin.

Kafin a nemi kalma, ya kamata a tuna abin da ya haifi ɗabi'ar. A watan Agusta na 2001 kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a Nijeriya, kuma a farkon lamarin minti ɗaya yakan ci kusan naira 50, sannan ko daƙiƙa biyar mutum ya yi ana lissafa masa minti cikakke. Sai a 2003, da Glo ya shigo da lissafin daƙiƙa, aka ɗan samu sauƙi. Saboda haka wanda katinsa ya kusa ƙarewa, kuma ba ya son zuwa wurin masu lema a bakin titi ya biya kuɗin kira, sai ya danna lambar ɗan'uwansa, ya kasa kunne, da ya ji ta shiga sau ɗaya ya katse tun kafin a ɗauka. Saƙon a fili yake: ga ni, ina son magana da kai, amma kai za ka biya. Ɗabi'ar tana da ladabinta, domin ƙarami ne ke yi wa babba, ɗalibi ya yi wa wansa mai albashi, kuma saurayin da ya yi wa budurwa ya zubar da girmansa a idon ƙawayenta.

Wanda ya fara ba da shawara ya ce a kira shi walƙiya, tun da abin da kalmar Ingilishin ke nufi ke nan. Ban goyi bayan wannan ba, domin walƙiya ta kama gajartar lokacin kawai, ta bar manufar, kuma babu wanda zai ce "na yi masa walƙiya" a gane nufinsa. Wani ya kawo ƙyaftawa, wani kuma zunguri. Ƙyafta ido akan yi shi ne a asirce tsakanin mutum biyu da ke kallon juna, shi kuwa zunguri yana ɗauke da ƙamshin tsokana, alhali mai filashin sau da yawa neman alfarma yake yi.

Wadda ta fi ɗaukar lokaci ita ce sallama. Mai shawarar ya kawo hujja mai kyau, cewa baƙo yakan tsaya a ƙofar zaure ya aika yaro ya ce ana sallama da maigida, ba ya kutsawa ciki, maigidan ne ke tasowa ya fito. Kamannin ya yi, amma dattijon nan ya ce masa: "Ɗana, sallama addu'a ce, amsa ta kuma wajibi ne, shi kuwa filashin sau nawa ka gani ka kau da kai?" Na ƙara da cewa kalmar ta riga ta yi kaya da yawa, tun da ana sallamar ma'aikaci, ana sallamar marar lafiya daga asibiti, ana kuma sallama kaya a ciniki.

Abin da ni na tsaya a kai shi ne yafitowa. Idan mutum ya hango wani daga nesa, bai ɗaga murya ba, bai kuma tashi daga inda yake ba, sai ya ɗaga hannu ya yi masa alamar ya zo, an ce ya yafito shi. Dukan abin da filashin ya ƙunsa yana nan: babu magana, mai yi ba ya asarar komai, kuma wanda aka yi wa ne ke ɗaukar wahalar tahowa. Kalmar tana kuma shiga jimla ba tare da an tilasta mata ba, domin ana iya cewa "ka yafito ni idan ka isa Ƙaura Namoda" ko "tun safe yake yafito ni a waya". Irin wannan faɗaɗa ma'ana ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin ita kanta waya asalinta sunan zaren ƙarfen tangaraho ne, wanda ya bar mana gidan waya da buga waya, ga shi yau muna kiran abin da ba shi da zare ko ɗaya da wannan suna.

An kawo suka guda wadda na yarda tana da ƙarfi, cewa a rubuce "yafito" yana iya rikicewa da "ya fito", musamman ga masu haɗe kalmomi a saƙon waya. Maganin da na gani shi ne a riƙa rubuta yafuto, kamar yadda wasu ke furta ta dama, don a raba su tun daga harafi. Dattijon ya ce zai gwada ta a kan jikokinsa na mako guda, ya ga ko za su gane ba tare da an yi musu bayani ba, mu kuma za mu ji sakamakon Juma'a mai zuwa idan Allah ya kai mu.