Fim ɗin baƙi da fari a injin kala: in saya ko in haƙura?

Sa'adatu: Salamu alaikum. Ina son ɗaukar mahaifina hotunan baƙi da fari da tsohuwar kyamararsa. Masu wankin da zan iya kai wa duk injin kala gare su, wato C-41, an kuma ce min da irin wannan injin ake wanke fim ɗin baƙi da fari na Ilford XP2 Super. Shin nagetif ɗinsa zai daɗe kamar na fim ɗin baƙi da fari na asali, mai azurfa? So nake jikoki su gani.

Mai Kyamara: Saya kawai. ISO 400 ne (ma'aunin saurin kama haske na fim), amma na sha ɗaukarsa a 200, fata ta fito sumul.

Baba Audu: 'Yata, ki yi hattara. Na taɓa ba wani mai wanki HP5, fim ɗin baƙi da fari na asali, naɗi uku, hotunan yayana na ƙarshe kafin Allah ya yi masa rasuwa. Yaron ya jefa su injin kala. Shi fim na asali hotonsa azurfa ce, injin kuwa cire azurfar yake yi gaba ɗaya ya bar rini. HP5 ba shi da rini. Leda fayau aka miƙo min, ko inuwar mutum babu. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Mai Kyamara: Allah ya jiƙansa, Baba, amma XP2 don wannan injin aka yi shi, hotonsa rini ne. Ga araha, tunda wankin kala ne.

Ɗan Liti: Araha ina? Ni ƙarin kuɗi aka caje ni, wai baƙi da fari ne. Da aka buga a takardar kala kuma, fuskoki suka yi kore-kore.

Habu: To ai ka samu kala a kyauta, me kake nema kuma?

Baba Audu: Wanda bai taɓa jiƙa hannunsa da sinadari ba, da wane baki yake ba da shawara?

Mai Kyamara: Baba, da girmanka, tun kafin Kodak ta daina yin nata fim ɗin mai kama da XP2, wato BW400CN, a 2014 nake amfani da irinsa. Sikana ma, wato na'urar kwafar hoto zuwa kwamfuta, tana iya share masa ƙura da kanta, abin da ba ya yiwuwa a kan azurfa.

Sa'adatu: Na gode, amma maganar daɗewar fa?

Ɗan Liti: Rini yana koɗewa, sai ki ɓoye nagetif ɗin a wuri mai sanyi da duhu. In sun ba ki ke nan. Ni nawa zubarwa suka yi bayan sun tura min hotunan ta waya, ko tambayata ba su yi ba.

Habu: Kai ma? Ni sati guda kawai suka ajiye min.